Saukar idon sawun doki: Halitta ce ko ciwo?

A duk lokacin da salla ta ƙarato a birnin Kano, masu dawaki a unguwanni irin su Dukawuya da Gwale da Kabuga kan fito da dawakinsu kilisa da yamma, domin su saba da tafiya kafin ranar hawa.

A irin wannan lokaci ne mai doki kan tsaya a gefe ya ƙare wa dabbarsa kallo, kuma a nan ne wasu kan lura cewa gaɓar da ke saman kofaton ƙafar baya tana sauka ƙasa fiye da yadda suka saba gani.

Wasu kan ce ai haka Allah ya halicci dokin, wasu kuma su ce gajiya ce kawai. Sai dai likitocin dabbobi na cewa a wasu lokutan wannan alama ce ta lalacewar jijiya, wadda idan ba a kula ba kan raba doki da sirdi har abada.

Batun ya shafi dukiya mai yawa, ya kuma shafi lafiyar mahayi, domin dokin da ƙafarsa ta baya ta gaza a tsakiyar sukuwa yana iya faɗuwa da wanda ke kansa a cikin taron jama'a.

Birni da dokinsa

Alaƙar Kano da doki daɗaɗɗiya ce. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali cikin kayan yaƙin Kano.

Ita kanta Ƙofar Dukawuya, sunanta ya zo a littafin a labarin faɗaɗa ganuwa da Wambai Giwa ya yi a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, a farkon ƙarni na 17.

Yau an daina yaƙi a kan doki, amma hawa bai gushe ba. Akwai hawan salla da hawan Daushe da na Nasarawa da na Ɗorayi da na Fanisau, kuma a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan dabar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya.

Wannan ne ya sa doki yake da daraja a birnin, ya kuma sa aibin da ke ƙafarsa ya zama abin da ya kamata mai shi da mai niyyar saye su fahimta.

Wace gaɓa ce ake magana a kai?

Idan mutum ya bi ƙafar doki ta baya daga sama zuwa ƙasa, zai ga cinya, sai gaɓar nan mai kusurwa da ake kira gwiwar baya, sai dogon ƙashin ƙwauri, sannan wata dunƙulalliyar gaɓa da ake iya kira idon sawu.

Daga idon sawun ne wani gajeren sashe yake gangarawa a karkace zuwa kofato. Wannan sashe shi ne wuyan kofato.

Tun da wuyan kofaton a karkace yake, nauyin doki ba ya sauka kai tsaye a kan kofato. Yana sauka ne a bayansa kaɗan, don haka a kullum nauyin yana ƙoƙarin danna idon sawun zuwa ƙasa.

Abin da ke hana shi taɓa ƙasa shi ne wasu jijiyoyi uku masu ƙarfi da ke bin bayan ƙwauri.

Biyu daga ciki suna haɗe da tsokar da ke sama, kuma su ne ke lanƙwasa ƙafa. Ta ukun ita ce jijiyar tallafi, wadda ta taso daga saman ƙashin ƙwauri ta baya, ta gangaro, sannan ta rabu gida biyu, kowane reshe ya kama ɗaya daga cikin wasu ƙananan ƙasusuwa biyu da ke bayan idon sawu.

Aikinta kamar na majanyi ne da uwa ke goya yaro da shi. Tana riƙe da gaɓar daga ƙasa, tana miƙewa idan nauyi ya hau, ta koma yadda take idan nauyin ya sauka.

Saukar da ba ta da illa

Wannan miƙewa da komawa ba ciwo ba ne. Hasali ma ita ce ke rage girgizar da ke isa ga ƙasusuwa, ta kuma taimaka wa doki wajen cilla ƙafa ba tare da ya wahalar da tsoka ba.

Gwargwadon nauyin da ya hau ƙafa, gwargwadon yadda idon sawun ke sauka. A tafiya saukar kaɗan ce, a sassarfa ta fi haka, a sukuwa kuwa hotunan dawakin tsere sun nuna gaɓar tana kusan taɓa ƙasa, kuma lafiyayyun dawaki ne.

Saboda haka ganin gaɓar ta sauka a hoton da aka ɗauka lokacin da doki ke gudu ba hujja ba ce cewa akwai matsala.

Akwai kuma bambancin halitta. Dokin da wuyan kofatonsa yake da tsawo da karkata yakan nuna sauka fiye da wanda nasa gajere ne a miƙe, kuma irin wannan doki yakan fi daɗin hawa saboda taushin takunsa.

Haka nan ɗan dukushin da aka haifa yakan zo da jijiyoyi marasa ƙwari, har bayan ƙafarsa ya riƙa taɓa ƙasa. Mafi yawansu kan miƙe da kansu cikin kwanaki ko makonni kaɗan, muddin suna samun ɗan motsi a wuri mai taushi.

A Birtaniya da Ayalan, inda ake kiwon wani irin doki gajere mai kauri da ake kira kob, masu dawaki kan yi wannan tambaya sosai, domin dogon gashin da ke ƙafafun wasu daga cikinsu yakan rufe gaɓar, ya hana a ga ainihin yanayinta sai an aske.

Dawakin da ake hawa a Kano, irin na Dongola da na Barbar da kuma ruwa-biyunsu, ba su da wannan gashi, don haka mai lura zai iya ganin sauyi tun da wuri.

Yaushe ya kamata a damu?

Ma'aunin farko shi ne a duba dokin yana tsaye, ba yana tafiya ba. A tsayar da shi a wuri mai tauri da ya daidaita, ƙafafunsa huɗu duk a ƙasa, sannan a ja da baya a dube shi daga gefe.

A lafiyayyen doki, gaban kofato da wuyan kofato suna tafiya a layi guda, a karkace da kimanin digiri 50 zuwa 55 daga ƙasa. Idan wuyan kofaton ya fara kwanciya, har ya kusa yin daidai da shimfiɗar ƙasa alhali dokin na tsaye, to akwai abin dubawa.

Ma'auni na biyu shi ne sauyi. Dokin da aka san shi da irin wannan tsayuwa tun yana ƙarami, kuma yana aiki ba tare da ɗingishi ba, ya bambanta da wanda bara ƙafarsa a miƙe take, bana kuma ta kwanta.

Na uku shi ne abin da hannu ya ji. Idan aka shafa bayan ƙwauri da gefen idon sawu aka ji zafi, ko kumburi mai tauri, ko dokin ya fizge ƙafa idan an matsa wurin, wannan alama ce cewa jijiyar ta samu rauni.

Na huɗu shi ne gwiwar baya. Idan idon sawu ya sauka, gwiwar bayan takan rasa kusurwarta, ƙafar ta miƙe kamar sanda.

Binciken da likitar dawaki ta Birtaniya, Sue Dyson, ta shafe shekaru tana yi a garin Newmarket ya nuna cewa dawakin da gwiwarsu ta baya ta cika miƙewa sun fi kamuwa da ciwon saman jijiyar tallafi, kuma sun fi wuyar warkewa.

Akwai kuma halin dokin kansa. Zai riƙa sauya ƙafar da yake dogarawa a kai a kai, ya yawaita kwanciya, ya sha wuya wajen tashi, ya ƙi yarda a ɗaga masa ƙafa ɗaya saboda ɗayar ba za ta iya ɗaukar nauyin ba.

Wasu dawakin kan tona rami da kofato a inda aka ɗaure su, su sa kan kofaton a ciki domin dugadugansu su ɗaga, wasu kuma su jingina gindinsu da bango ko kwamin abinci kamar za su zauna.

Wani abu da kan rikita masu dawaki shi ne, idan doki na ɗingishi da ƙafa ɗaya, yakan mayar da nauyi kan ɗayar. A lokacin tafiya sai a ga idon sawun lafiyayyar ƙafar ne ya fi sauka, a yi ta yi mata magani, alhali ciwon na ɗaya ɓangaren.

Me ke kawo matsalar?

Dalili na farko shi ne rauni na farat ɗaya. Doki na iya yankewa da kwanon rufi ko waya ko kwalba, ko abin hawa ya buge shi, jijiyar ta tsinke.

A nan saukar gaɓar takan zo nan take, a ƙafa ɗaya, tare da ɗingishi mai tsanani. Idan jijiyar da ta fi zurfi ce ta tsinke, za a ga kan kofaton yana ɗagawa sama idan dokin ya taka.

Wannan lamari ne na gaggawa. Ba a jan irin wannan doki a tafi da shi gida a ƙasa. A ɗaure ƙafar da ƙyalle mai kauri mai tsabta, a tsayar da shi, a kira likita, wanda zai kuma yi masa allurar tetanus, cutar da ke sandarar da jiki wadda dawaki ke saurin kamuwa da ita.

Dalili na biyu shi ne wahalar da ke taruwa a hankali. Zaren jijiyar yakan ɗan tsattsage kaɗan-kaɗan, kuma idan ba a ba shi lokacin warkewa ba, sai raunin ya yi ta ƙaruwa.

Dalili na uku shi ne tsufa. Ana yawan ganin saukar gaɓar a tsofaffin dawaki, musamman goɗiyoyin da suka yi haihuwa da yawa, da kuma waɗanda ke fama da wata cutar tsufa da ke taɓa wani ƙullutu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda kan sa gashi ya yi tsawo ya ƙi zubewa.

Na huɗu kuma shi ne wata cuta da likitoci ke kira DSLD a taƙaice, wato lalacewar jijiyar tallafi a hankali ba tare da wani rauni ya faru ba.

An fara bayyana ta a Amurka a farkon shekarun 1980 a jikin dawakin Paso na ƙasar Peru, daga baya kuma aka same ta a wasu nau'o'in, ciki har da dawakin Larabawa.

A shekara ta 2006, masu bincike a Jami'ar Jojiya ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Jaroslava Halper, sun ba da rahoton cewa cutar ba ta tsaya a ƙafa kawai ba. Sun sami wani sinadari ya taru fiye da kima a jijiyar wuya da babbar hanyar jini da ma farin ido na dawakin da ke ɗauke da ita.

Cutar takan kama ƙafafu biyu a tare ko duka huɗun, tana ƙaruwa da shekaru, kuma ba ta da magani. Ganin yadda take bin zuriya, likitoci na ba da shawarar kada a yi barbara da dokin da aka tabbatar yana da ita.

Abin da ya shafi yadda ake kiwo a birni

Wasu al'amura na kiwon doki a cikin birni suna ƙara wa wannan jijiya aiki.

Na farko shi ne zama wuri ɗaya. Filin kiwo ya yi ƙaranci a cikin ganuwa, don haka doki kan shafe watanni a turke, wani lokaci da dabaibayi, sannan a fito da shi makonni kaɗan kafin salla a buƙaci ya yi yini yana aiki.

Tsoka takan dawo da ƙarfinta cikin makonni, amma jijiya tana buƙatar watanni. Dokin zai ji ƙarfin gudu, alhali jijiyoyinsa ba su shirya ba.

Wannan ya fi zama abin lura bayan dogon hutu, kamar wanda aka samu a 2020 saboda annobar korona, da kuma a 2024 da 2025 lokacin da 'yan sanda suka hana hawa a Kano saboda rikicin sarauta.

Na biyu shi ne ƙiba. A idon mutane da dama ingarman da ya cika ya batse shi ne abin ado, don haka ake ɗura masa gero da dawa da dusa ba tare da aikin da zai ƙone su ba. Duk kilo ɗaya da ya ƙaru, waɗannan jijiyoyin ne za su ɗauke shi dare da rana.

Na uku shi ne kaya. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka a 2008 ya nuna cewa dawakin da aka ɗora wa kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na nauyin jikinsu sun nuna alamun wahala da ciwon tsoka fiye da waɗanda suka ɗauki kashi 20 ko ƙasa da haka.

Idan aka bi wannan ma'auni, dokin da nauyinsa ya kai kilo 350 zai ɗauki kimanin kilo 70 ke nan cikin sauƙi, kuma wannan ya haɗa da mahayi da rigunansa da sirdi da likkafa da jalala da sauran kayan ado.

Na huɗu shi ne zamiya. A lokacin jafi, mahayi kan sako doki a guje sannan ya ja linzami da ƙarfi, dokin ya tattara ƙafafun baya a ƙarƙashin cikinsa ya tsaya cak. A wannan ɗan lokaci kusan dukkan nauyin doki da mahayi yana kan ƙafafun bayan ne, kuma idan a kan kwalta ne babu abin da zai rage girgizar.

Na biyar shi ne kofato. Idan aka bar kansa ya yi tsawo, dugadugan kuma suka kwanta, dokin zai buƙaci ƙarin ƙarfi wajen ɗaga ƙafa a kowane taku, kuma jijiyoyin baya ne ke biyan wannan farashi. Ana so a riƙa gyara kofato duk bayan mako shida zuwa takwas.

Abin da likita zai yi

Likita zai duba dokin a tsaye da kuma a tafiya, ya lanƙwasa gaɓar na ɗan lokaci sannan ya sa a ja dokin a ga ko ɗingishin ya ƙaru.

Yana iya yin allurar kashe zafi a wurare daban-daban na ƙafar domin ya gano ainihin inda ciwon yake. Abin da ke tabbatar da halin da jijiyar take ciki shi ne na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, yayin da hoton ƙashi ke nuna ko ƙananan ƙasusuwan sun tsage.

Mazauna Dukawuya na kusa da asibitin dabbobi na Gwale. Idan lamarin ya buƙaci ƙarin bincike, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Idan rauni ne sabo, magani yakan fara da hutu, da zuba ruwan sanyi a wurin na kimanin minti 20 sau biyu ko uku a rana a kwanakin farko, da maganin rage kumburi na ɗan lokaci.

Daga nan sai a fara jan dokin da hannu na 'yan mintoci, ana ƙarawa a hankali. Warkewar jijiyar tallafi takan ɗauki wata shida zuwa shekara guda, kuma ta ƙafar baya ta fi ta gaba wuyar komawa daidai.

Wani lokaci akan sa wa dokin takalmin ƙarfe mai ɗan tsawo ta baya domin ya tallafi dugadugan.

Likitoci na gargaɗi game da abubuwa biyu. Na farko shi ne lalas, wato ƙona fata da ƙarfe mai zafi, wanda aka daɗe ana yi a Turai ma kafin bincike ya kasa nuna cewa yana warkar da jijiya. Sauƙin da akan gani bayansa ya fi alaƙa da hutun dole da dokin ya samu.

Na biyu shi ne ɗura wa doki maganin kashe zafi domin ya samu yin hawa. Maganin yana ɓoye ciwon ne kawai, dokin ya taka ƙafar da ƙarfi, raunin da zai warke da hutu ya zama tsinkewa. Yawan amfani da shi kuma yana illa ga ciki da ƙoda.

A wurin ciniki

Ga wanda zai je sayen doki a kasuwa irin ta Maigatari a jihar Jigawa ko ta Mai'aduwa a jihar Katsina, ko ma a bargar wani a cikin birni, abin da ya fi shi ne ya fitar da dokin daga cikin yashi ya tsayar da shi a wuri mai tauri, domin yashi yana ɓoye yanayin tsayuwar ƙafa.

Ya dube shi da safe kafin a motsa shi, ya sake dubawa bayan an hau shi, ya shafa ƙafafun baya biyu ya kwatanta su, ya kuma lura da tabon lalas ko wurin da gashi ya goge a bayan idon sawu.

Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa ɓoye aibin da mai sayarwa ya sani a jikin dabba haramun ne, kuma mai saye yana da damar mayar da ita idan ya gano aibin da ya riga ciniki. Haka nan Musulunci ya hana ɗora wa dabba abin da ya fi ƙarfinta.

Ga wanda dokin ke hannunsa kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce ya riƙa ɗaukar hoton ƙafafun baya da waya sau ɗaya a wata, a wuri ɗaya, daga gefe, wayar tana daidai da tsayin gaɓar.

Idan bayan wata uku ko huɗu hotunan sun zo iri ɗaya, kuma dokin na tafiya lafiya, to mai yiwuwa halittarsa ce. Idan kuwa gaɓar na ƙara matsowa kusa da ƙasa, ya kamata a sauke sirdin, a nemi likita tun kafin a fara shirin hawa.

Dokin da aka gano ciwonsa da wuri yana iya komawa aiki, ko da mai sauƙi ne. Wanda cutarsa ba ta warkewa kuwa yana iya ci gaba da rayuwa na tsawon lokaci idan aka rage masa ƙiba, aka shimfiɗa masa wuri mai taushi, aka kuma daina hawansa.